Har Sai Ta Ga Babban Ruwa

Zafin Alƙahira na bana ya fi na bara. A gidan da muke haya a unguwar Faisal, bango yana riƙe zafin rana har bayan magariba, in ka jingina da shi sai ka ji kamar bayan tanda. Fanka tana ta juya iska mai ɗumi, in aka ɗauke wuta ta tsaya kuma, sai ka riƙa jin numfashin kowa a ɗakin.

Cikin wannan zafi na raka autana Mu'awiya bakin titi ranar Asabar. Makarantarsu ta shirya musu zangon hutu a wani ƙauye wajen Fayyum, irin abin da ake kira mu'askar. Yara sun cika bas, kowa da jakarsa da gorar ruwan sanyi da waya a hannu, malaminsu yana ta "Yalla, yalla!" Mu'awiya ya leƙo ta taga ya ce, "Baba, khalas, ya isa, koma gida mana, rana za ta dafa ka." Na ce to. Amma ban tafi ba. Na tsaya har bas ɗin ta shige cikin cunkoson motoci, ta bar mini warin dizal da na ƙarfe mai zafi. Haka lorin da ya kai mu namu mu'askar ɗin yake wari.

A Kosti aka haife ni, a Sudan, a unguwar Hausawa masunta da ke bakin Farin Nil. Hanyar Makka ce ta ajiye kakanninmu a can. A gida Hausa muke yi, a makaranta Larabci, kuma tun ina ƙarami na koyi raba su, don yara ba sa raga wa wanda suka ji bakinsa ya karkace. Har na kai shekarar da nake ba da labari, ina ɗan sha uku ko kusa da haka, ba wanda ya taɓa jin na yi Hausa a ajinmu.

Hutunmu a bazara yake faɗowa. Shekarar nan damina biyu ke nan a jere ba a yi ruwan kirki ba, amma mu 'yan gari sai dai mu ji iyaye suna cewa dawa ta yi tsada. Kogi yana bayan gidanmu, Baba yana kawo kifi, me ya dame mu? Da malaminmu Ustaz Taha ya ce za a kai mu ƙauye mu dasa itatuwa don tare hamada, murna muka yi kamar za mu biki. Iya ta soya mini gyaɗa ta ɗaure a tsumma, ta ce kada in riƙa yawo a rana ba hula.

Yamma muka nufa. Muna barin kogi kore ya ƙare. Ƙasa ta tsattsage, wani tsagin ƙafar yaro za ta iya shiga. Muka riƙa wuce gawar shanu a gefen hanya, fata ta bushe a kan ƙashi. Da farko muna nunawa muna ihu, daga baya muka daina, muka ci gaba da waƙar makaranta.

An sauke mu a wata makarantar ƙauye da aka rufe, ɗakuna biyu da rufin kwano, da rijiya mai zurfi a bayanta, da wata tsohuwar aduwa can nesa kaɗan. Kwanakin farko duk kamarsu ɗaya. Da asuba Ustaz Taha zai tashe mu salla, mu sha shayi da busasshen burodi. Kafin rana ta ɗaga mu je rijiya. Igiyar tana da tsawo, sai mun yi layi muna ja muna ja da baya kafin guga ya fito, ruwan kuma ja-ja ne, yana ɗanɗanon tsatsa. Daga nan sai haƙa ramuka. Ƙasar ba ta jin diga, in ka sara sai zafin ya dawo maka har kafaɗa. Tafin hannunmu ya yi bororo, ya fashe, ya yi kanta. Mu sa ɗan dashen darbejiya ko daƙwara, mu zuba ruwa, mu tsaya muna kallon ƙasa tana shanye shi kafin mu ɗaga jarka.

Da hantsi ya yi ba a iya komai. Mukan kwanta a siminti, mu jiƙa zani mu rufa, kwano yana ta ƙas-ƙas a samanmu. Mai dafa mana abinci, wani dattijo da muke kira Amm Bakhit, yakan ba mu miyar adas, wani ɗan ƙaramin wake, da kisra, wato wainar dawa mai laushi. Bayan la'asar mu sake ban ruwa, mu buga ƙwallo har duhu ya hana mu ganinta. Kullum da yamma hadari yakan taso daga kudu, baƙi ƙirin, iska ta yi sanyi, mu fito muna tsalle. Sai ya yi rugugi, ya yayyafa abin da bai kai ya jiƙa riga ba, ƙamshin ƙasa ya tashi, shi ke nan ya watse. Ƙamshin nan ya fi rashin hadarin ciwo.

Wata safiya muka fito muka ga mutane a ƙarƙashin aduwa. Ba su da yawa, mata da yara da tsofaffi biyu, da jaki guda da ake iya ƙirga haƙarƙarinsa. Daga yamma suka fito a ƙafa. Ba su roƙi kowa komai ba. Suka zauna suna kallonmu muna zuba ruwa a gindin dashen da bai kai kamu ɗaya ba. Washegari suka ƙaru. Jibi ma haka. Inuwar aduwa ta kasa ɗaukarsu, wasu suka kafa sanduna suka rataya zannuwa.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne shirunsu. Yara da yawa a wuri guda, amma ba kuka, ba wasa. Da sassafe matan sukan shiga daji su tona gidan tururuwa su kwashe hatsin da ta tara, su sheƙe shi a faifai. Wasu su tsinko 'ya'yan anza su jiƙa, su yi ta sauya ruwa don ɗacin ya fita. Na taɓa ɗanɗana ɗaya. Har la'asar ina tofar da yawu.

Ustaz Taha mutum ne siriri mai tabarau, ba ya son a ga abu ya dame shi. Ranar da ya ga haka ya kira Amm Bakhit gefe, daga nan aka fara ɗora tukunya biyu, ɗaya tamu ɗaya ta mutanen aduwa. Adas ɗinmu ya tsinke ya koma ruwa. Kisra ta ragu, sukari ya ƙare, shayi ya zama ruwan zafi mai launi. Muka yi gunaguni kwana ɗaya ko biyu, sannan muka bari. Ƙwallo ma muka bar ta, don in ka yi gudu kaɗan sai ka ga duhu-duhu. Wannan ne karon farko da na san yunwa tana hana barci, kuma tamu ba komai ba ce, mu da muke da ranar komawa gida. Daga baya rijiya ta ja baya, guga ya fara fitowa da laka. Ustaz ya tara mu ya ce daga yau layin gaba kawai za a riƙa ba ruwa, sauran a bar wa mutane. Muka riƙa wucewa ta gaban dashen da muka sa da hannunmu muna ganin ganyen yana naɗewa.

Ni aka sa kai tukunyar mutanen aduwa wata rana, ni da wani ɗan ajinmu. Muna rabawa, ina tauna ragowar gyaɗar Iya a ɓoye, sai na ga wata yarinya 'yar shekara huɗu ko biyar ta ƙura wa bakina ido. Uwarta tana zaune a bayanta da goyo. Ta ja ta a hankali ta ce, "Lami, kau da kai. Ba kyau kallon mai ci."

Da Hausa ta faɗa, Hausa irin ta Iya. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Ki bar ta, Inna, ga shi ta ci."

Matar ta ɗago. Doguwa ce, fuskarta ta zurma, leɓenta ya tsage. Ta ce, "Kai ɗan waye?"

Ɗan ajinmu ya saki baki yana kallona. Kafin magariba kowa ya ji cewa ni, Salihu, ina jin yaren mutanen nan. Na jira tsokana, ba ta zo ba. Ustaz Taha ya ce kawai, "Tamam. Daga yau kai ne bakinmu." Akwai Hausawa da dama a cikinsu, wasu ba sa jin Larabci ko kaɗan, sai na zama mai kai magana da kawo magana: wane yana zawo, wance tana neman gishiri, tsoho ya cika a nemi masu haƙa.

Lami ta riƙa bina. Ba ta magana, sai ta kama gefen rigata, in na je rijiya ta je, in na tsuguna ban ruwa ta tsuguna. Uwarta kuwa ban taɓa sanin sunanta ba. Inna nake ce mata, ita kuma ta ce "ɗana". Goyon bayanta ban taɓa jin ya yi motsi ba, sai ɗan ƙafarsa da ke leƙowa daga zani.

Ana gobe lori zai zo ɗaukarmu, bayan la'asar, ta taso har bakin makaranta, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce in kira mata malam. Ta durƙusa, Ustaz ya ce in ce mata ta tashi, ta ƙi.

Ta ce, "Gaya masa mijina ya yi gaba da sauran shanu tun sanyi, bai dawo ba. Gaya masa na binne biyu a hanya. Wannan na bayana ba na sa shi a lissafi. Saura wannan." Ta turo Lami gaba. "Ya tafi da ita gari. Ba ta da cin yawa, ba ta fitsarin kwance. In ta girma za ta yi masa aiki."

Na juya maganar zuwa Larabci. Ustaz ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa. Ya ce, "Ce mata ba ni da ikon raba 'ya da uwa. Ce mata da na isa gari zan je wurin hukuma, za a kawo hatsi. Ta yi haƙuri kwana kaɗan. Wallahi zan dawo."

Na faɗa mata yadda ya faɗa. Ta gyaɗa kai, ba ta yi musu ba. Ustaz ya shige ɗaki da sauri. Ita kuwa ta zauna a ƙasa ta ce in zauna.

"Ɗana, uwarka tana da rai?"

"Tana nan, Inna."

"Hausa take yi a gida?"

"Ita muke yi."

"Ku nawa ne a wurinta?"

"Mu uku, duka maza."

"Tana da faɗa?"

Na yi ɗan tunani na ce, "Tana yi, amma ba ta duka. Kuma ba ta kwana da fushi."

"Kuna cin abinci kullum?"

Kunya ta kama ni. Na ce, "Muna ci. Babana masunci ne, kogi yana bayan gidanmu."

"Babba ne?"

"Ba a ganin mutumin da ke ɗaya gaɓar sosai."

Ta ƙare mini kallo, kamar mai duba tukunya a kasuwa ko tana da tsagi. Sannan ta ce, "Allah ya raya ka," ta ja hannun 'yarta suka koma. Ni a lokacin na ɗauka hira ce kawai.

Da safe gari ya tashi da hadari, ba irin na kullum ba, wannan ya sauko ƙasa ƙasa, iska tana warin ruwa. Direba ya ce mu yi sauri, in ruwa ya sauka a baƙar ƙasar nan lori ba ya fita sai kaka. Muka loda tukwane da diga da tarin buhunan da muka cinye abin cikinsu, muka koma ɗaki kwaso jakunkuna, muka haye. Na duba wajen aduwa ko zan ga Lami in ɗaga mata hannu. Ban gan ta ba.

Mun yi tafiya mai ɗan nisa sai ruwa ya kece. Ruwa na gaske, manyan ɗigo masu zafin duka. Yara suka hau ihu suna buɗe baki sama. Amm Bakhit ya ce a jawo tamfol, ni da wani muka rarrafa gaba inda aka tara buhuna. Na ɗaga buhu ɗaya sai na ga ƙafa.

Tana zaune a lungu ta haɗa kai da gwiwa, an lulluɓe ta da mayafin uwarta. Idonta biyu. Ba ta kuka.

Na ce, "Lami! Wa ya sa ki a nan?"

Ta sa yatsa a baki, ta ce da raɗa, "Inna ta ce in yi shiru har sai na ga babban ruwa."

Da Ustaz Taha ya gan ta, ya yi ta dukan kan lori da tafin hannu har direba ya tsaya. Suka yi ta cacar baki a cikin ruwa, daga ƙarshe direba ya juya yana zagi. Taya tana zamewa, laka tana tashi, muka koma.

Mutanen aduwa duk sun fito fili. Sun jera ƙwarya da kwano da duk abin da zai tari ruwa, wasu tsofaffi suna tsaye kawai ruwa yana dukansu. Wurin da matar take zama babu kowa, sai duwatsun murhu uku. Wata ta ce ta ga ta yi kudu tun da lori ya tashi. Wani tsoho ya ce a'a, yamma ta koma. Muka duba ƙasa, ruwa ya shafe sawu. Ni da Ustaz muka shiga fili muna kira. Ba mu san sunanta ba, sai na riƙa cewa, "Innar Lami! Innar Lami!" Ustaz, wanda bai san Hausa ko kalma ɗaya ba, ya riƙa maimaitawa bayana da karkataccen baki, tabaransa ya jiƙe ba ya ganin gabansa. Ruwa yana haɗiye muryarmu. Har yau in ina cikin barcin rana wani lokaci nakan ji wannan kiran, da muryarsa ba tawa ba.

Direba ya yi ta matsa hon. Ustaz ya tsaya a tsakiyar laka, hannuwansa a sake, sannan ya ce, "Mu tafi."

Duk tsawon hanya Lami tana kan cinyarsa a ƙarƙashin tamfol. Aka ba ta burodi ta riƙe ba ta ci ba. Ba wanda ya yi waƙa. Da muka shiga Kosti da yamma, Ustaz bai yi shawara da kowa ba, ya ce in nuna masa gidanmu. Iya tana tsakar gida tana gyaran kifi. Na fara bayani ina haɗa Hausa da Larabci, ta ɗaga mini hannu. Ta dubi yarinyar, ta wanke hannunta, ta ce, "Zo nan, 'yata. Wa ya bar ki da jiƙaƙƙen kaya haka?"

Ta ɗauke ta ta zaga da ita bayan gida don ta yi mata wanka. Daga nan ana ganin kogi, ya cika ya yi jawur saboda ruwan da aka yi. Lami ta kalle shi. Ta kalli Iya, ta kalle ni. Sannan ta buɗe baki ta tsala wata irin ƙara da ban taɓa jin irinta daga ɗan Adam ba. Maƙwabta suka fito. Iya ta zauna a ƙasa da ita a ƙirji tana jijjigawa, ba ta ce mata yi shiru ba ko sau ɗaya.

Ustaz Taha ya cika alkawari. Ya yi ta zirga-zirga a ofisoshi, da hanya ta bushe ya koma da buhunan dawa, ya tafi da ni. Aduwa tana nan, ciyawa ta fito a gindinta, ba kowa. Dashenmu kaɗan ne suka rayu. Ya sake komawa shi kaɗai bayan kaka, ya bi ƙauyuka yana tambaya. Ba wanda ya san mace doguwa mai goyo. A shekarar nan mata dogaye masu goyo sun yi yawa a hanya.

Lami ta tashi a gidanmu, ƙanwarmu ce, ba wanda ya taɓa kiranta da wani abu daban. Iya ce ta aurar da ita, ita kuma ta yi jinyar Iya har ta rufe mata ido. Aure ya kai ta Omdurman, ni ma aiki ya kai ni can, da yaƙi ya zo muka fito tare. Yanzu tana nan Alƙahira, a unguwar Hadayek el-Maadi, da 'ya'yanta, tana yi wa amaren Sudan lalle. Duk tsawon shekarun nan ba mu taɓa zama mun yi maganar lorin nan ba. Ni ina ganin ba ta tuna komai, kuma ban ga dalilin tono mata ba.

Ranar Asabar ɗin nan, maimakon in koma gida, sai na shiga jirgin ƙasa na tafi wurinta. Na same su ba wuta, ta buɗe ƙofa da taga tana fifita da kwali. Ta kawo mini shayi ta ce, "Yaya, lafiya? Fuskarka wani iri."

Na ce Mu'awiya ne ya tafi mu'askar. Ta ce Allah ya dawo da shi lafiya. Sai na ji kaina ina cewa, "Lami, kina tuna ta?"

Ba ta tambaye ni wa nake nufi ba. Ta ajiye kwalin.

Ta ce, "Fuskarta a'a. Na yi ƙoƙari har na gaji. Abu ɗaya nake tunawa. Da safen ranar lorin nan ta yi mini kitso. Ta matse kaina tsakanin gwiwoyinta, tana ja, tana ja, har hawaye suna zubo mini, ba ta sassauta ba. Iya ta gaya mini daga baya wai ta sha wuya kafin ta tsefe shi, wani wurin sai da ta sa almakashi. Na girma ina cewa a raina haushina take ji. Na ce wataƙila wani laifi na yi, shi ya sa ta ja mini gashi haka ta sa ni a mota."

Na ce, "Haba, Lami."

"Tsaya, Yaya, ban gama ba. Ka tuna safiyar da za mu bar Omdurman, kana ta buga ƙofa kana cewa mota za ta tashi? Kitso nake yi wa Safiyya." Ta nuna autarta da ke kwance a tabarma tana barci. "Ana harbi a bayan layi, ni ina kitso. Ban san wa zai kai iyaka ba, ni ko ita ko ba kowa. Na ce in aka raba mu, ban san yaushe wata za ta zauna ta taɓa kanta ba, gara in yi wanda zai daɗe. Sai ji na yi tana cewa, 'Mama, da zafi, kina ja.' Na dubi hannuna."

Ta ɗaga hannuwan nata, baƙin lalle ya rine yatsun, ta juya su tana kallo.

Ta ce, "Ban sassauta ba, Yaya. Na ƙara ja."